Purin Girdari Mai Kusurwa Huɗu

Idan ka shigo ƙauyenmu na bayan Labasa ka tarar ana dariya a gindin mangwaro, kada ka wahalar da bakinka da tambaya, hirar yayana Girdari ake yi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni nake bi masa, saboda haka ba mai cewa sharri nake masa. Mutumin kirki ne, ba ya sata, ba ya zagin maƙwabci, sai dai bakinsa ya fi ƙarfin hannunsa. Tun muna yara shi ne mai cewa zai iya, mu ne masu share ɓarnar.

Abin ya ta'azzara ne lokacin da wani ɗan uwanmu ya kai shi Okland, can ƙasar Turawa, ya yi 'yan watanni yana jera biskit cikin kwali a wata masana'anta. Ya bar Fiji yana manomin rake, ya dawo da naktaye a wuya da kalmar Turanci guda ɗaya tak a baki, wai shep. Siffa ce fa kawai, yadda abu yake a ido, zagayayye ne ko dogo ko mai kusurwa. Ko 'yan aji ɗaya sun san wannan. Amma a wurin Baiya, kamar yadda muke kiran yaya a yarenmu, shep shi ne sirrin duniya, kuma shi kaɗai Turawa suka raɗa wa.

Ranar da ya dawo maza suka cika rumfarsa ana zagaya ƙoƙon nagona, jiƙon saiwar da maza ke sha a wurin hira, ni da matarsa Bauji Fulmati muna kicin muna jin komai. Da ƙoƙon ya zo hannunsa sai ya ƙi sha, ya juya shi, ya girgiza kai.

"Kun ga abin da ya hana mu ci gaba a ƙasar nan? Ba mu da shep."

Pandit Dwarka, wanda ke mana addu'ar aure da ta mutuwa, ya gyara gilashinsa ya ce, "Girdari, ai muna da wannan kalma da Hindi. Akar ke nan."

"A'a, Pandit-ji. Akar daban, shep daban."

"To rup."

"Rup na mata ne."

"Shakal fa?"

"Shakal ta kowa ce, har akuya tana da shakal. Shep sai wanda ya hau jirgin sama."

Maƙwabcinsa Bisun mai tarakta ya sosa ƙeya ya ce, "To ni yanzu ina da shi ko ba ni da shi?"

Baiya ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan tumbi. "Kana da shi, amma ya lalace."

Daga nan ya buɗe musu karatu. Wai a can komai nasu kusurwa huɗu ne, biskit, kwali, ɗaki, har gona. Abu mai kusurwa huɗu inda ka ajiye shi nan za ka same shi, zagayayye kuwa gangarawa yake. Mu kuma tun kakanninmu zagayayyen abinci muke ci, shi ya sa arziki ke gangare mana. Maza suka yi ta gyaɗa kai, don nagonarsa suke sha.

Bai tsaya a baki ba. Ya ɗauki almakashi ya yi wa bishiyar ganyen miyar Bauji aski har ta koma kamar akwati, kafin wata ya ƙare ta bushe. Ya ƙera akwatin katako ya cusa ƙaramar kabewa a ciki don ta girma da kusurwa, ta ruɓe, wari ya hana mu wucewa ta bayan gidan. Da na yi masa magana sai ya ce kabewar ce ba ta da ilimi.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yarsa tilo, Premila. Yarinya ce mai hankali, halin uwarta ta ɗauko. Ita da Abinesh, wani yaro daga Sabusabu, sun daɗe suna son juna, kuma da ƙyar aka shawo kan uban yaron ya yarda. Duk gidan muna murna, sai Baiya ya tara mu ya ce ya yi tunani.

Duk lokacin da ya yi tunani sai wani abu ya mutu.

"Purin bikin 'yata," in ji shi, "mai kusurwa huɗu za a yi, kuma inji ne zai yi shi. Ba na buƙatar mace ko ɗaya ta zo mini da sanda."

A wurinmu ba a gayyatar mace biki da baki kawai, da sandar murjinta ake gayyatarta. Ranar aure tun da sassafe kowane gida zai turo mace da sandarta da allonta, a baje tabarmi, a yi ta murza ƙullun fulawa ana miƙa wa mai suya, ana hira ana gulma har puri ya cika kwanduna. Wadda kika murza wa ranar bikin 'yarta ita za ta murza miki ranar naki. Ka ce wa mace ta bar sandarta a gida, ka gaya mata ke nan ba ku haɗa komai ba.

Bauji ta ɗora hannu a ka. "Baban Premila, ka rufa mana asiri. Da wane ido zan dubi matan ƙauyen nan?"

"Da idon matar injiniya."

"Baiya," na ce, "kwali ka jera a Okland, ba inji ka ƙera ba."

"Sursati, ina jera kwalin ina kallon injin. Duk yana nan," ya buga goshinsa da yatsa.

"Kabewar ma nan take?"

Ya yi kamar bai ji ba. Washegari da kansa ya bi gida-gida da naktayensa yana shaida wa mata cewa an 'yanta su daga wahala. Da ya isa wurin Aji Rukmin, tsohuwar da ta murza purin auren uwarmu, kuma ita ke jan waƙa a kowane biki, ta saurare shi har ya gama, ta tofar da ɓawon rake.

"Za mu zo, Girdari. Hannu rabbana za mu zo, tunda haka kake so. Ganga kawai za mu kawo."

Daga ranar matan suka daina yi mini hira a bakin famfo. Ina zuwa sai kowa ta tuna tana da tukunya a wuta. Abin ya ci mini rai ba kaɗan ba, ni da ban ƙera komai ba.

Premila kuwa, wadda ke kirana Fuwa, wato gwaggo, ta same ni a gida idonta jajur. "Fuwa, kin san baban Abinesh. Shi ne fa ya kwashe 'yan rakiyar ango a bikin ɗan ƙanensa don shinkafa ba ta nuna ba, kuma auren bai yiwu ba har yau. In Baba ya kunyata shi a gaban danginsa, shi ke nan, na rasa Abinesh."

Na koma wurin Baiya da wannan magana, na tarar da shi a bayan gida cikin ƙarafa. Ya samo tsohon injin matse wanki daga wani otal da aka rufe, mai gangar ƙarfe biyu da ke juyawa. A bayansa ya kafa ƙarfen gado, an liƙe masa adduna a jere tsaye da kwance, wai su riƙa sauka suna yanka. Daga nan bel ya miƙe har jikin taraktar Bisun. Sandar murjin Bauji ma ya ɗaure ta a gefe ta zama abin ja.

Ina tsaye sai ga maza huɗu sun shigo fuska a murtuke. Ashe addunan nasu ne, kuma lokacin yankan rake ne. Cewa ya yi su kawo ya wasa musu kyauta.

"Girdari, ina addata?" in ji ɗaya.

"Ga ta nan, ta uku daga hagu. Ka gode, ta shiga tarihi."

"Da tarihin zan yanka rake?"

"Bayan biki kowa zai karɓi tasa, har da sunan wanda ya taimaka wa kimiyya."

Suka fita suna ƙunƙuni, ɗaya yana cewa da ba don yarinyar ba da yau an ji kansu. Na ce masa, "Ka dai gwada shi da ƙullu ko?"

"Na gwada da jarida, ya yanka ta tsaf."

"Jarida za a ci?"

"Fulawar biki ba ta gwaji ba ce, Sursati. Abin da ya yanka Turanci zai gagara yanka fulawa ne?"

Na gaya masa maganar Premila. Ya yi murmushi irin na mai tausayin jahilai, ya ce Samdi Sukdeo, wato surukinsa baban Abinesh, mutum ne da ya san duniya, yana ganin purin zai tashi tsaye ya tafa.

Ranar aure ta zo. An kafa rumfar kwano a tsakar gida, Munsami mai dafa abincin biki ya gama miyar kabewa da ta dankali da ta wake, manyan kasake biyu na wuta mai yana tafasa, ƙullu ya cika baho-baho. Matan ƙauye suka shigo cikin sari na gani na faɗa, suka baje tabarmi daidai gaban injin, suka zauna suka harɗe hannu. Aji Rukmin ta ajiye ganga a cinya. Ba wadda ta dube ni.

Baiya ya fito da farar riga da naktaye, ya hau benci ya yi jawabi. Ya ce yau za a raba tsohon zamani da sabo, kuma jikokinmu za su tambaye mu ina muke a wannan rana. Sannan ya ɗaga hannu, Bisun ya tayar da tarakta.

Aka jefa curin farko. Gangunan injin suka haɗiye shi, suka naɗe shi a jikinsu, ba abin da ya fito ta baya. Aka jira. Aka ƙara jira.

"Me yake yi?" in ji Munsami.

"Tunani yake," in ji Baiya.

"Irin naka?"

Baiya ya ɗebo mai a kofi ya kwarara. Man ya gangara kan bel, bel ya fara santsi yana kuka, ƙullu yana juyi wuri ɗaya. Ya ce ai mai ya yi yawa, fulawa ake so. Ya kinkimo buhu ya zazzage a daidai inda fankar taraktar ke hurawa. Kafin ka ce me, layin gaba na mata da Pandit Dwarka duk sun koma fari fat, idanu kawai ake gani. Pandit ya cire gilashi ya goge yana ta atishawa.

"Bisun, ƙara wuta."

Bisun ya ƙara. Nan take injin ya farka a haukace. Ƙullu ya fito ta baya a shimfiɗe, dogo kamar sari, da gudun da addunan ba su iya cim masa. Sai ya wuce sannan su sauko su sari katako. Ya zarce bakin tebur, ya sauka ƙasa, ya nufi ƙofar rumfa. Karen Bisun da ke kwance a wurin ya cafke bakin ya ruga da shi cikin rake. Bisun ya diro daga tarakta ya bi karensa yana zagi, ya bar ta tana ruri.

Baiya ya sunkuya ya leƙa tsakanin gangunan ya ga abin da ke faruwa. Naktayen ya riga shi leƙawa. Ganguna suka kama bakinsa suka fara ja, kan Baiya yana bi a hankali, hanci na kusantar ƙarfe, yana ta harba ƙafa yana kiran sunan Bisun. Bauji ta kurma ihu. Munsami ya zaro wuƙar yankan kabewa ya datse naktayen a gindin wuya. Baiya ya yi baya taga-taga ya zauna daram cikin bahon ƙullu.

Da aka ciro shi, sai ga hoton mazaunansa ya fito raɗau a cikin ƙullun. Aji Rukmin ta miƙa wuya ta leƙa.

"To, ga shep ya fito," in ji ta.

Mata suka kwashe da dariya har da masu kwanciya a tabarma. Ni ban yi ba, ɗakin da Premila ke zaune nake kallo.

Wani zai ce daga nan ya saduda. Ina. Ya sa aka zubar da wancan bahon, ya kwance ƙusa ya buɗa tsakanin gangunan don kada ƙullu ya sake maƙalewa, aka kamo Bisun aka mayar kan tarakta da sharaɗin ya tafi a hankali. Sai ga abu ya fito, addunan suka sauka a kansa, ya yanku gida-gida. Kaurin kowanne ya kai tafin hannu, amma dai kusurwa huɗu ne. Baiya ya ɗaga ɗaya sama yana juyawa kowa ya gani, da guntun naktaye a wuya.

Munsami ya jefa su a mai. Puri na gaskiya kan nutse ya taso ya kumbura. Waɗannan suka nutse suka yi zamansu.

"Sun ƙi tasowa," in ji Munsami.

"Nauyin inganci ne. Bar su su daɗe."

Suka daɗe. Kusurwoyin suka ƙone, tsakiya ta sandare. Da aka tsame su aka zuba a kwando sai ka ji ƙwal ƙwal. Abu ɗaya dai ba zan hana shi ba, sun jeru. Ya jera su a tire kamar yadda ya saba jera biskit, ya ja da baya yana kallo, har da ƙwalla a idonsa.

Muna nan sai ga ƙahon mota. Bas biyu cike da dangin ango, da ƙaramar motar ango an yi mata ado da furanni. Tun asuba suka taso suka ƙetaro tsaunuka, kowa yunwa ta ci shi. Samdi Sukdeo ya fara saukowa, siriri, da gashin baki a murɗe da lema a hammata. Aka yi gaisuwa, aka rungumi juna, aka zaunar da su a dogayen bencina, aka zuba miya. Baiya da kansa ya ɗauko tire ya ajiye a gaban surukin nasa.

Sukdeo ya ɗauki ɗaya. Ya juya shi. Ya ƙwanƙwasa shi a katako.

"Samdi, wannan ci ake yi ko gini?"

"Puri ne, Samdi. Na zamani. Shep ke nan."

"Me ake ce masa da yarenmu?"

"Ba ya fassaruwa."

Sukdeo ya kai baki ya gwada da haƙoran hagu, ya koma na dama, ya ajiye. "Na ga alama. Ba ya kuma taunuwa."

Can ƙarshen benci wani tsohon kawun ango ya gatsa da zuciya ɗaya, da ya janye purin sai ya fito da haƙoransa na roba a jiki. Wasu suka jiƙa nasu a miya suna jira ya yi laushi. Wata mata ta sa nata a ƙarƙashin ƙafar benci da ke rawa, bencin ya daidaita.

A al'adarmu, idan dangin ango suna cin abinci, matan gidan amarya kan zauna gefe su yi musu waƙar zagi. A ce gashin bakin uban ango tsintsiya ce, a ce kawunsa ya zo da cikin aro. Ba a fushi da wannan waƙa, wanda ya yi fushi ya jawo wa kansa abin dariya har ya mutu. To sai Aji Rukmin ta buga ganga, ta gyara murya, mata suka amsa:

"Girdari ya je Okland ya dawo,
Ya kawo mana tayil mu ci da miya.
Mai haƙori ya mayar aljihu,
Mai guduma ya matso kusa."

Dangin ango suka daina kokawa da puri suka juyo. Aji ta ƙara:

"Uwarsa ta haife shi da kai zagayayye,
Ku kawo akwati mu gyara masa."

Baiya ya ruga wurin Pandit. "Pandit-ji, ka hana su."

"Waƙar cin abinci ce, Girdari. Ba a fushi da ita."

"Ai baƙi ake zagi, ba mai gida ba."

"Baƙin ba su ci komai ba, a kan me za a zage su?"

Kowa yana dariya ban da mutum ɗaya. Sukdeo ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya ɗauki lemarsa. Ganga ta yi shiru.

"Na kwaso tsofaffina da jikokina tun duhu bai yaye ba, na kawo su a yi musu wasa da abinci. Gidan da bai iya ciyar da baƙo rana ɗaya ba, ban ga abin da zan haɗa da shi ba. Direba, tayar da mota. Kowa ya tashi."

Suka fara tashi. Abinesh ya fito daga motarsa da rawanin angonci yana cewa, "Baba, don girman Ubangiji," uban ya nuna masa mota da lema, ya koma. Baiya ya bi bayan Sukdeo yana bayanin cewa a Okland ma sai da aka saba. Bas ta farko ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe.

Sai ƙofar ɗaki ta buɗe. Premila ta fito da rawayar rigarta, jikinta duk kurkum. Amaryar da aka shafa wa kurkum ba ta fita, ba ta aiki, ba ta kusantar wuta sai an ɗaura aure, kowa ya san wannan. Ba ta kalli kowa ba. Ta nemi sandar uwarta ta gan ta ɗaure a jikin inji, sai ta ɗauki kwalbar lemo, ta ɗebo ƙullun da ya rage, ta durƙusa a ƙasa kusa da kasko, ta kife tire ta fara murzawa. Hawaye na ɗiga a kan ƙullun tana murzawa da shi. Ita kaɗai, ga mutum cike da bas biyu.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokaci ba. Na durƙusa kusa da ita na fara mulmula mata curi da hannu, Bauji ta zo ta ɗaya gefen tana kuka. Mu uku da kwalba ɗaya.

Baiya ya juyo ya ga 'yarsa. Ya dubi bas, ya dubi matan da ke tabarma. Ya matsa gabansu ya fara wani abu da Turanci.

"Da yaren da uwarka ta yaye ka," in ji Aji Rukmin.

Ya kwance guntun naktayen ya cusa a aljihu, ya haɗa tafukan hannu. "Aji, na yi kuskure. Ku taimaki yarinyar nan, ba ita ta yi muku laifi ba."

"Me kake so mu yi?"

"Puri."

"Wane iri?"

"Irin namu."

"Yaya yake, irin namun?"

"Zagayayye."

"Kunnena ya tsufa, Girdari."

Ya faɗa da ƙarfi har na cikin bas suka ji. Sai Aji ta ɗaga gefen tabarmarta. Ashe kowace mace a kan sandarta da allonta take zaune tun safe, ni kaɗai suka ɓoye wa don jininsa ce ni. Kafin in share ido an kewaye kasake, an ɗaga Premila an mayar da ita ɗaki, sanduna sun fara aiki. Munsami ya ƙara itace yana ta murmushi.

Daga bas ta farko wata mata mai jiki ta sauko tana ɗaure gefen sarinta a ƙugu. Uwar ango ce, Sumintra.

"Koma mota," in ji Sukdeo.

"Yarinya da kurkum a jiki ta durƙusa tana murji don ɗana, ni ina zaune a mota? Ka tafi kai kaɗai, in ka isa ka gaya wa mutanen gari dalili." Ta wuce shi ta ce a ara mata sanda. Matan bas suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, mazan kuma suka bi ƙamshi.

Sukdeo ya rage shi kaɗai a rana da lemarsa. Aji Rukmin da kanta ta kai masa purin farko a kan ganye, yana tururi, ya kumbura. Ya karɓa don ba a mayar da hannun tsohuwa. Ya ci a tsaye. Ya tambaya ko akwai sauran miyar kabewa, aka ce akwai, ya zauna. Nan take ganga ta dawo, aka shiga gashin bakinsa da waƙa yadda ya kamata.

Aka ɗaura aure, suka kewaya wuta, Pandit yana karatu da sauran fulawa a kunne. Saura abu ɗaya. Bayan aure akan ajiye wa ango abinci, shi kuma ya ƙi ci sai uban amarya ya ba shi kyautar da ta gamshe shi, kuma amarya ba ta barin gida sai ya ci. Yawanci wasa ne, a ba shi agogo ya yi murmushi ya sa hannu.

Baiya ya ajiye agogo. Abinesh ya girgiza kai. Ya ƙara da zoben zinariya. Ya girgiza kai. Premila ta damƙe hannuna ta cikin mayafi har na ji zafi, don duk mun ɗauka fushin ɗazu ne bai huce ba. Baiya ya share gumi ya ce ya ba shi karsanarsa, wadda ya fi ji da ita a duk garken. Yaron nan ya sake girgiza kai.

"To me kake so, ɗana?"

"Injin nake so, Baba."

Kai, ka ga yadda mutum ke kumbura a gaban idonka. Baiya ya miƙe, ƙirji ya fito, ya juya ya dubi Pandit, ya dubi Aji, ya dube ni.

"Kun ji ko? Mai ilimi shi ya san ilimi. Ɗauki, ɗana, na ba ka duniya da lahira. Masana'anta za ka buɗe a Sabusabu?"

"A'a, Baba. Ina da kwale-kwale, ruwa na yawan janye mini shi. Na daɗe ina neman abu mai nauyi da zan ɗaura wa igiya in jefa a teku."

Ya sa hannu ya yagi puri ya kai baki. Rumfa ta ɗauka da dariya. Sukdeo ma sai da gashin bakinsa ya yi rawa. Premila tana dariya tana kuka a kafaɗata, ni ma haka. Masu adduna suka yi caa a kan injin da guduma kowa yana ɓalle tasa, abin da ya rage aka kinkima aka ɗaure a saman bas.

Da aka zo sallama Premila ta rungume ubanta ta daɗe, shi kuma yana ta shessheƙa kamar ƙaramin yaro. Motoci suka tashi. Muka tsaya a bakin hanya har suka sha kwana cikin rake, injin yana rangaji a sama. Ya zaro guntun naktayen ya fyace hanci, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Sursati, kin dai gani da idonki. An ba shi karsana ya ƙi, injina ya zaɓa."